Ranar da babu abin da ya faru a cikinta: shin ɗalibi ya san darajarta?

Ɗan_Samaru:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana gaban wannan zaure domin in ji yadda kuke kallonta. Na lura cewa duk lokacin da tsofaffin ɗalibai suka zauna ba da labarin jami'a, ranakun da suke ambata ba su wuce ranar rantsar da sababbin ɗalibai, da makon jarrabawa, da ranar da aka kafe sakamako, da ranar yaye ba. Alhali kuwa mafi yawan kwanakin da mutum yake yi a makaranta ba irin waɗannan ba ne. Ina nufin rana kamar Asabar a tsakiyar zangon karatu, wadda babu gwaji a gabanta kuma babu aikin da malami yake jira: mutum ya yi sallar asuba a cikin jam'i, ya koma ya ɗan ƙara barci, ya tashi ya yi wanki ya shanya, ya ɗora shinkafa da wake, ya duba darasin makon da ya wuce ba tare da gaggawa ba, bayan la'asar kuma ya taka zuwa bakin dam ɗin Kubanni da ke jami'armu ta Ahmadu Bello a Zariya ko ya zauna a inuwa tare da abokai har a kira magariba. A ganina wannan rana tana cikin manyan ni'imomin zaman ɗalibta, kuma ta cancanci a san da ita tun ana cikinta, a yi godiya a kanta. Shin kuna ganin haka ne, ko kuwa kuna ɗaukarta a matsayin ɓata lokaci?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Samaru, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na yi karatu a Jami'ar Bayero, yanzu kuma ina aiki ina da iyali, kuma idan na tuna makaranta ba hoton ranar yaye ne yake fara zuwa mini ba. Abin da nake tunawa shi ne ranakun da lakcarmu take ƙarewa da hantsi, mu hau motar makaranta daga sabon matsuguni da ke hanyar Gwarzo zuwa tsohon matsuguni ba don wata buƙata mai ƙarfi ba, mu sayi gurasa da zoɓo, mu zauna muna maimaita abin da malami ya faɗa muna gardama a kai. A lokacin ban san cewa samun yini guda wanda babu wanda yake jiran ka da wani nauyi abu ne mai tsada ba. Yau kuwa ko ranar hutun aiki ce akwai yara, akwai girki, akwai ziyarar dangi da ba a ƙin zuwa.

Injiniyan_Gobe:
Ina girmama ra'ayinku, amma ban yarda ba. Ni a aji huɗu nake a fannin injiniya, kuma abin da na gani shi ne duk ɗalibin da ya ce ba shi da abin yi a wata rana, to akwai abin da ya manta ne ko ya ɗaga zuwa gaba. Zangon karatu makonni kaɗan ne, darussa kuma ba sa jiran kowa. Ban da wannan, tun daga 2023 da aka janye tallafin man fetur, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista, iyayenmu suna sayar da amfanin gona da dabbobi kafin su tura mu makaranta. Ina jin nauyin in kwana in wuni ina shanya da hira sannan in kira hakan ni'ima, alhali mahaifina yana cikin rana yana neman abin da zai turo mini.

Bakatsine:
Maganar Injiniya tana kan hanya. Da yawa daga waɗanda suka sake kwas a ajinmu ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya kayar da su ba, yawan irin waɗannan ranakun ne.

Malam_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, na koyar shekaru masu yawa kafin in ajiye aiki, saboda haka ku ba ni dama in sa baki. Injiniya, jin nauyin mahaifi da kake yi abin yabo ne, Allah Ya yi maka albarka, amma ka sake karanta abin da ɗan'uwanka ya rubuta. A cikin ranar da ya siffanta akwai sallah a kan lokaci, akwai tsafta, akwai abinci da ya dafa da hannunsa, akwai bitar darasi, akwai zumunci. Malalaci ba ya yin ko rabin wannan. Kuma tsarin karatunmu na gargajiya ma bai taɓa ɗaukar hutu a matsayin aibi ba: makarantun allo da tsangayu suna ajiye allo ranar Alhamis da Juma'a, almajirai su yi wanki su huta, kuma daga cikinsu ne ake samun mahaddata da alarammomi. Malaman da suka tsara haka sun san cewa yaron da ba ya hutawa hadda ba ta zama a kansa. Ya zo a hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akwai ni'imomi biyu da mutane da yawa suke yin asara a cikinsu, wato lafiya da samun sarari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya kira samun sarari ni'ima.

Abu_Sumayya:
Allah Ya ƙara wa Malam lafiya. Ina neman afuwa in ƙara bayani kaɗan, domin kada matasa su fahimci hadisin a baibai. Abin da malamai suka yi sharhi a kai shi ne gargaɗi ne ga wanda ya sami lafiya da sarari bai yi amfani da su wajen alheri ba, shi ne wanda ya yi asara. Idan haka ne, hadisin ya fi ƙarfafa maganar Injiniya fiye da ta Ɗan_Samaru.

Malam_Mai_Ritaya:
Abu_Sumayya, sharhin da ka kawo daidai ne, kuma ban saɓa masa ba. Sai dai asara iri biyu ce. Akwai wanda ya ƙona sararinsa a banza, akwai kuma wanda aka ba shi sarari ya cika shi da fargaba da ƙorafi har ya wuce bai ce alhamdu lillahi ba. Ka haɗa da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, to kamar an tattara masa duniya ne. Ɗalibin da ya tashi a ɗakinsa lafiya, da ɗan garinsa da mansa, babu mai korar sa, ya shiga cikin wannan siffa ko ya sani ko bai sani ba.

Ɗalibar_Likitanci:
Ina so in kawo abin da ya shafi jiki da ƙwaƙwalwa, tunda shi muke karantawa. Abin da mutum ya koya da rana ba ya gama zama a ƙwaƙwalwa sai ya yi barci, domin a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa take tace sabon abin da ta ɗauka ta adana shi, kuma baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a kowane dare. Haka nan tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma bitar da aka rarraba a ranaku daban-daban ta fi wadda aka tara a zama ɗaya amfani. Ma'anar wannan ita ce ɗan karatun da Ɗan_Samaru ya ce yana yi ranar Asabar cikin natsuwa, na darasin makon da ya wuce, ya fi kwanan aji da muke yi ana gobe jarrabawa tasiri nesa ba kusa ba. Yaya Injiniya, ba na cewa a rage ƙoƙari, amma na ga ɗalibai masu hazaƙa da suka hana kansu barci da abinci har jiki ya gaza musu a daidai makon da suka fi buƙatarsa.

'Yar_Dundaye:
Mu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yanayi ne yake yanke hukuncin wace rana ce mai daɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, saboda haka ko babu lakca mutum neman inuwa da ruwan sanyi kawai yake yi. Amma idan hunturu ya shiga, safiyar Asabar a ɗakin kwanan mata wani abu ne da ba zan manta ba. Wata tana yi wa wata kitso a bakin ƙofa, wata tana kwaɓa ɗanwake, wata ta kawo yaji daga gidansu a Zuru, wata ta kawo man shanu daga Argungu, a haɗa a ci a faranti ɗaya. A irin wannan zama ne na san halin mutanen da a aji gaisuwa kawai take haɗa mu, kuma a nan ne wata 'yar aji uku ta zaunar da ni ta warware mini wani darasin ƙididdiga da na kasa ganewa a lakca. Ban ga yadda za a ce wannan yini ya tafi a banza ba.

Mai_Gyaran_Waya:
Ina karanta bayananku ina jin daɗi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ranar Asabar da Lahadi su ne ranakun da nake zama a rumfar gyaran waya tun safe har dare, kuma da abin da na samu nake cin abinci daga Litinin zuwa Juma'a. Mahaifina ya rasu, ƙannena suna hannun mahaifiyata, babu wanda zan buga wa waya in ce gari ya ƙare. Na san akwai rancen ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024, wanda yake haɗe da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, amma duk wanda yake sayen abinci da kansa ya san inda wannan kuɗi yake tsayawa. Ba ina hassada ba ne, Allah Ya sani. Ina so ne kawai masu samun irin wannan rana su san cewa akwai wanda yake zaune kusa da su a aji da bai taɓa ɗanɗana ta ba, kuma idan za a yi godiya a haɗa da tuna shi.

Ummu_Hanan:
Ƙanena Mai_Gyaran_Waya, Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa albarka a sana'arka. Maganarka ta sa na ga cewa rabin natsuwar da na samu a makaranta guminsu Baba ne ya saya mini ita.

Ɗan_Harobanda:
Gaisuwa daga Yamai. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni, wadda take a hayin kogin Kwara, sai an ƙetare gadar Kennedy daga cikin gari. A wajenmu ranar da babu darasi ba ta cika sai an kafa fada: a shimfiɗa tabarma, a hura gawayi, a ɗora shayi, a sha na farko mai ɗaci, a bi shi da na biyu da na uku. Wanda bai sani ba zai ɗauka zaman kashe lokaci ne, amma a fadarmu akwai mai karanta shari'a, akwai mai karanta aikin gona, akwai mai karanta tarihi, akwai Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu, kuma abin da na koya game da ƙasata a wannan tabarma ban same shi a kowane aji ba. Dafa shayin kansa yana ɗaukar lokaci, ba a yi masa gaggawa, shi ya sa magana take samun damar nuna.

Bakatsine:
Ɗan'uwa na Yamai, mu ma muna da majalisa, kuma ban musa amfaninta ba. Matsalar ita ce majalisar yanzu kowa kansa yana sunkuye a kan waya. Mutum biyar suna zaune wuri ɗaya amma babu mai jin ɗan'uwansa.

Ɗalibar_Likitanci:
Wannan gaskiya ne, kuma ina ganin nan ne ya kamata a ja layi. Wanda ya kwanta tun safe yana jan allon waya daga wannan bidiyo zuwa wancan a TikTok ko Facebook har la'asar, yakan tashi a gajiye fiye da yadda ya kwanta, idanu sun yi nauyi, zuciya kuma ta cika da kwatanta kansa da wasu. Ba wannan ranar ake yabo ba. Ranar da ake magana a kanta hannu yana aiki a cikinta, ƙafa tana tafiya, ana kallon fuskar mutane.

Ɗan_Yerwa:
Na daɗe ina bin wannan muhawara ban ce komai ba, amma taken da aka sa mata ya hana ni yin shiru. Mu da muka yi karatu a Maiduguri a shekarun da rikici ya yi tsanani, ranar da babu abin da ya faru a cikinta ita ce addu'armu ta kullum. Jami'ar ta ci gaba da karatu a cikin wannan hali, kuma kowa ya san harin da aka kai masallacin cikinta da asuba a watan Janairun 2017, inda aka rasa rayuka har da na wani farfesa. Bayan irin wannan, idan ka fita lakca ka dawo, ka sayi ƙosai ka ci, dare ya yi ka kwanta ba ka ji ƙarar komai ba, ba ka buƙatar wani ya koya maka cewa an yi maka kyauta. Iyayenmu sukan kira da yamma, ba don su ji sakamakon gwaji ba, sai don su ji muryarmu kawai. Injiniya, ina tabbatar maka cewa mahaifinka da yake cikin rana, idan aka ce masa yau ɗansa ya wuni lafiya ya ci ya ƙoshi ya huta, ba zai ji an ci amanarsa ba.

Abu_Sumayya:
Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya dawwamar da zaman lafiya a Borno da ƙasa baki ɗaya. Amin.

Ɗan_Kongo:
Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kafin nan kuma an yi na 2020 da ya haɗu da kullen korona. A wannan lokaci muna da sarari fiye da yadda muke so, babu lakca, babu gwaji, amma ban san ɗalibi ɗaya da ya kira shi hutu ba. Kullum kunne yana kan rediyo ana jiran sakamakon zama, shekaru suna tafiya, ƙannenka da suke makarantu masu zaman kansu suna kamo ka. Saboda haka abin da yake sa Asabar ɗin Ɗan_Samaru ta yi daɗi shi ne akwai Litinin a bayanta, karatu yana tafiya, kuma mutum ya san ranar da zai gama. Da muka koma makaranta bayan yajin, hatta layin ɗiban ruwa da hayaniyar ɗakin kwana sai da na ji ina son su.

Maman_Tagwaye:
Ni matar aure ce, daga gida nake zuwa makaranta, kuma lissafina ya sha bamban da naku. Asabar a wurina ranar wanki da shara da baƙi ce. Ranar natsuwata ita ce Talata ko Laraba idan aka sami tazarar awa uku tsakanin lakca da lakca, yara suna wurin kakarsu, in shiga ɗakin karatu in zauna kusa da taga da littafi ɗaya, babu mai kiran sunana. Wani lokaci karatun nake yi, wani lokaci kuma shirun kawai nake saurare. Na faɗi haka ne domin 'yan'uwa mata da suke tunanin komawa makaranta bayan aure su san cewa ana samun wannan sarari, sai dai ƙanƙane ne, kuma sai maigida da dangi sun taimaka.

Ɗan_Samaru:
Na gode muku ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Ɗan'uwa Mai_Gyaran_Waya, maganarka ta zauna mini, kuma ina ganin mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kanmu shi ne idan mun dafa a ranar hutu mu ajiye wa irinka, idan kuma an yi bita ba ka nan mu ba ka abin da muka rubuta. Injiniya, ban ce a mayar da kowace rana Asabar ba. Ni ma ina kwana a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim idan jarrabawa ta matso. Abin da nake gudu shi ne mutum ya shafe shekara huɗu ko biyar yana ƙirga kwanakin fita, kullum zuciyarsa tana gaba, sai ya fita sannan ya gane cewa bai taɓa zama a makarantar da hankalinsa ba.

Injiniyan_Gobe:
Na karanta duka, kuma maganar Ɗan_Yerwa ta taɓa ni. Amma har yanzu ina nan a kan cewa hutu sai an biya kuɗinsa da aiki tukuna. Idan na gama abin da yake kaina daga Litinin zuwa Juma'a, zan iya zama in sha shayi da zuciya ɗaya. Idan ban gama ba, ko na zauna a inuwa hankalina yana kan lissafin da na bari. Tsorona shi ne ɗan aji ɗaya ya karanta wannan zaure ya ɗauki rabin maganar ya bar rabi. Sannan a sashenmu Asabar ɗin ma ba kullum take zama tamu ba, domin sau da yawa a ranar ake sa lakcar da aka rasa a cikin mako.

Malam_Mai_Ritaya:
Sharaɗin da ka kafa mai kyau ne, Injiniya, kuma shi nake faɗa wa ɗalibaina. Game da lakcar Asabar kuwa, ku yi wa malamanku uzuri, domin galibi ba son ransu ba ne. Ɗakunan lakca ba su kai yawan ɗalibai ba, malami ɗaya yana ɗauke da kwasa-kwasai da yawa, kuma duk lokacin da aka dawo daga dogon yaji sai an matse kalandar karatu domin a cike giɓi. Su ma suna da iyali da suke so su wuni da su.

Wakilin_Aji:
Tunda an zo kan wannan, bari in faɗi abin da muka gwada a ajinmu. A farkon zango mun je wurin malamanmu cikin ladabi muka roƙi cewa idan za a rama lakca a sa ta da yammacin ranakun mako, ko kuma idan dole sai Asabar, a gama kafin azahar, saboda akwai masu sana'a kamar Mai_Gyaran_Waya da matan aure kamar Maman_Tagwaye a cikinmu. Mafi yawansu sun amince, wasu kuma sun nuna mana jadawalinsu muka ga babu wani gurbi, muka haƙura. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne ɗalibai 'yan'uwanmu, domin masu zuwa daga cikin gari sun fi son Asabar saboda kuɗin mota da dawowar dare, mazauna ɗakunan kwana kuma sun fi son yamma. Har yanzu ba mu sami tsarin da ya gamsar da kowa ba, kuma idan akwai wakilin aji a nan da ya warware wannan a makarantarsu, ina so in ji yadda suka yi kafin mu shiga zango na biyu.